Littahin aikin raƙuman ruwa, daga Nazare zuwa sitidiyona a Yamai

12 ga Oktoba

To bismillah, na ce bari in riƙa rubuta abin ga rana rana don kar in mance yadda ta kasance. Ni dai mai hoto ne, na bukin suna da na arme da hoton katin ɗan ƙasa, shekara goma sha ɗaya ke nan ina cikin shi a nan Yamai, asalina Ba'adare, kuma tun da uwata ta haihe ni ban taɓa ganin teku da idona ba. Ruwa mahi girma da na sani ina yaro tabkin Tabalak ne, sai da na zo Yamai na ga kogi daga kan gadar Kennedy na ce ashe akwai ruwa a duniya. To ni ɗin nan ne yau anka ɗauka aikin zaɓen hotunan teku, ka ji ikon Allah.

Yadda abin ya zo: autanmu shina Fotugal shekara ukku, aikin gidan abinci yake a wajen garin Leiria, ran hutu kuma shina ɗaukar ma wani Bature mai hoto kaya, tirepiye (ƙafahun ɗora kamara) da jakar gilasan kamara, su tahi wani gari na bakin teku da ake ce ma Nazare, kamar kilometir 120 arewa da Lisbon. Nan ne daga Oktoba zuwa Maris ruwa ke tashi awa gidan sama, mutane su hau shi da allo. Baturen a rana guda sai shi ɗauki hoto dubu biyat, shi koma gida hannu ya daskare da sanyi, ba shi da ƙarhin zama shi tace su, kuma masu saye ba su jira. Auta ya ce mai yayana wannan ne aikinshi, kuma ba shi da tsada. Wannan "ba shi da tsada" ɗin na ji haushinta amma dai gaskiya ce.

An daidaita, duk ranar da anka yi aiki yuro 40, wato jikka ashirin da shida da ƴan kai tunda yuro guda 655 ne da ɗigo. Ranar da teku ta kwanta babu ko dala. Burina ni kuma in tara hoto 20 da izininshi in wanke manya in kaha a bangon sitidiyo kahin azumi, mutanen unguwa su gani.

Fada sun tambaye ni mi sunan wasan da Hausa. Na ce hawan raƙumin ruwa, tunda dama raƙuman ruwa muke ce ma manyan igiyoyi, wasu su ce taguwar ruwa. Wani Buzu abokinmu ya ce to ai nasu ne ke nan, a kawo mai tashi taguwar.

20 ga Oktoba

Patron (haka zan riƙa kiran shi, Auta ma haka yake ce mai) ya turo min hoto 800 na bara a matsayin jarabawa, ya ce hidda 30. Na kwana biyu a kai, na zaɓo waɗanda sunka yi kyau a idona, ruwa kore shar awa kwalba, rana na haskawa ta bayanshi, kumfa fari tas. Ya duba ya ce cikin 30 ɗin 4 kaɗai zai iya saidawa.

Na ce ƙaƙa? Ya ce rabin waɗanda na zaɓa babu mutum a ciki, ruwan da babu mutum kuwa ba shi da tsawo, zai iya zama metir 2 zai iya zama 20, mai kallo ba shi sani. Sauran kuma mutumin shina can sama bai gangaro ba, ko kuma ya riga ya tsere gehe ruwan ya fashe. Abin da yake so shi ne daidai lokacin da mahayin ya iso gindin raƙumin, bakin ruwan na sama ya fara lanƙwasowa kanshi bai kai ga faɗowa ba, da farin layin da allonshi ya ja tun daga sama har ƙasa. Kamara na ɗaukar hoto 20 a sakan guda, cikin jerin 150 na hawa guda, biyu ko ukku ne haka.

Na ji kunya ba kaɗan ba. Amma da na zauna na ga ai na san abin ga, wurin arme ma hoton zauren da anka ƙawata babu amarya wa zai saye shi. Kawai dai ruwan ne ya ruɗe ni, ban saba ganin shi ba, duk hoton da na buɗe sai in ga abin mamaki ne.

27 ga Oktoba

Yau sunka maida agogonsu baya da awa guda, abin da suke yi Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Da lokacinmu ɗaya da su, yanzu mun riga su da awa. Ke nan in ya gama ƙarhe 5 na marece can, nan 6 ta yi, kahin kaya su iso an yi magariba. Aikin dare ne dai, madam ta riga ta sani.

6 ga Nuwamba

Ba a yi komi ba har yau, jira kawai. Ashe rabin sana'ar mutanen ga kallon meteyo ne. Patron ya koya min shahukan da yake dubawa, Windy da Surfline, yanzu ni ma kowace sahiya bayan asuba sai in buɗe in ga wani jan tabo na juyawa can tsakiyar tekun Atlantika ta arewa, guguwa ke nan, ita ce ke tura ruwan kwana biyu ukku kahin shi iso gaɓa. Abu huɗu yake dubawa, tsawon ruwan a tsakiyar teku, kusurwar da yake hitowa (arewa maso yamma sunka hi so), iska, sai tazarar da ke tsakanin raƙumi da mai bi mai. In tazarar ta kai sakan 16, 18, to ruwan mai nauyi ne daga nesa ya taso. Iska kuma in tana busowa daga tudu zuwa teku tana gyara huskar ruwan, in daga teku take sai ta dagula komi shi zama awa fura da anka dama.

Jiya a fada wani malamin lakwal ya ce to mi ya sa sai garin nan, teku ba ko'ina take ba? Na yi mai bayani da tire ɗin shayi. A ƙarƙashin ruwan akwai wani kwazazzabo, tsawonshi ya kai kilometir 230, zurhinshi a wani wurin metir 5000, kuma bakinshi ya zo har gab da gaɓa, ƙasan dutsen da tsohuwar ganuwa take mai jar hitila a kai, wadda anka gina tun 1577. Ruwa in shina cikin zurhi gudu yake, in ya hau tudu sai shi rage. To rabin raƙumin na bin kwazazzabon da gudu, rabin na kan tudu shina jan ƙafa, sai na cikin ramin shi lanƙwaso su yi karo a wuri guda su hau kan juna, ga kuma wani ruwa da ke komowa daga gaɓa shi ƙara tura su sama. Shi ya sa raƙumin Nazare ke da tsini awa tulin gero. Bakin ruwan da abin ke faruwa sunanshi Praia do Norte.

Malam ya ce kilometir 230 ai ya wuce Yamai zuwa Dosso. Na ce nesa ba kusa ba.

Abin da ya hi ba ni mamaki, mutanen garin masunta ne tun kaka da kakanni, ruwan ga ya ci mazansu ba adadi, har yau Auta ya ce za ka ga tsohuwa cikin baƙaƙen kaya na takaba tana shanya kihi a bakin teku awa matan Gamkalle. Su gudun wurin suke. Sai da wani Ba'amurke Garrett McNamara ya zo ya hau na metir 23.8 a Nuwamba 2011 sannan duniya ta juyo.

15 ga Nuwamba

Yau ce ranar fari ta gaske, kuma ta kusa zama ta ƙarshe.

Tun shekaranjiya Patron ya aiko cewa in shirya. Auta ya ce sun hita ƙarhe 5 na asuba don kama wuri a kan dutsen, don in gari ya waye mutane dubbai ne, masu kamara kaɗai sun hi ɗari, kowa da doguwar gilashi mai jawo nesa, ta milimetir 500 ko 600, in ka makara sai dai ka ɗauki ƙeyar wani. Ya turo min murya ta WhatsApp ina jin ƙarar ruwan a bayanshi awa tirela goma na juye tsakuwa, ya ce Yaya dutsen da muke tsaye a kai girgiza yake.

Su mahayan ba da hannu suke shiga ba, ruwan ya hi ƙarhin haka, moton ruwa ke jan mutum da igiya har shi kai gudun raƙumin sannan shi saki, dabarar da su Laird Hamilton sunka fara a Hawayi wajen farkon shekarun 1990. Akwai mai jan, akwai moto na biyu mai ceto, akwai kuma mutum guda a kan dutse da radiyo shina faɗa masu ga wani nan tahe, na ukku ya hi, ko kuma in mutum ya faɗi shi ce ga kanshi can. Patron shina sauraren radiyon su, da shi yake sanin ina zai juya kamara.

Tsarinmu: ba ya turo manyan fishiye, kowane guda mega 45 ne, 5000 ɗin sai mu shekara. Ƙanana yake turowa, in tace a Lightroom, wato lojisiyel na gyaran hoto, in sa ma waɗanda na zaɓa taurari, in maida mai jerin lambobi, sannan shi turo min manya 30 ko 40 in gyara launi in maido. Ƙarhe 7 saura ƙananan sunka fara sauka, 4,712. Na kai kusan 1,900 sai kuran ya tahi. Batirin ordinatar ɗina ya tsuhwa, minti 40 yake yi. Gurup ɗin maƙwabci mai walda babu esansi. Na tsaya cikin duhu ina zuhwa duk da sanyi ya fara, Patron na aiko alamar tambaya ɗaya bayan ɗaya.

Na naɗe ordinatar a jaka na hau kabu-kabu sai gidan kawu a Yantala, shi yana da pano. Na samu suna cin tuwo, na ce Kawu a gafarce ni ba gaisuwa ta kawo ni ba wuta na zo ci. Ya ce zauna ɗana, amma sai ka sa hannu tukuna. Na ci loma ukku don kar a ce, na buɗe aiki a kan tabarma ƴan ɗiyanshi sun zagaye ni kowane hoto sai su yi kuwwa. Ƙarhe 11 da rabi na tura na ƙarshe, 34.

16 ga Nuwamba

An sayi 5. Biyu wata jaridar intanet, ukku wani mahayi ɗan Barazil don masu ɗaukar nauyinshi. Patron ya ce da sun iso ƙarhe 8 da an sayi goma, don kahin 11 sauran masu hoto sun cika duniya da irin su. Bai yi faɗa ba, hakan ma ya hi ciwo. Kuɗin jiya na ƙara da nawa na sayo batiri da ondilar a Katako.

3 ga Disamba

Sati biyu da rabi teku kwance. To a nan na fara gane rayuwar mutumin. Ni a zatona mai kamarar miliyoyi ai ya gama da talauci, ashe cikin damina guda (ni damina nake ce ma lokacin nasu, ko da yake hunturu ne) ranakun da ruwa ke kai girman da ake saye ba su da yawa, yatsun hannu biyu sun kusa ƙirga su, a cikinsu ma wata ranar hazo ne ba ka ganin komi sai ƙara, wata ranar ruwan sama. Sauran watannin mi yake yi? Hoton arme! Da hoton gidajen haya na masu yawon buɗe ido. Da ya faɗa min na yi dariya har ya tambayi Auta ko lahiya, na ce a ce mai abokin sana'a ne ashe.

Mun yi hira mai tsawo kan kaya. Shi gishiri ne maƙiyinshi, raɓar teku na tashi har kan dutse ta lulluɓe gilashi, duk minti kaɗan sai ya goge, in ya koma gida shi share komi da tsumma mai ɗan ruwan daɗi in ba haka ba ƙarhe shi ci tsatsa. Ni kuwa ƙura. Hazo ya sauka Yamai tun satin jiya, ko gilashi ba ni canzawa a waje, sai na shiga ɗaki na ruhe ƙoha. Na ɗauki hoton rana tsakar rana awa farin faranti na tura mai, ya ce wane fitar na sa, na ce na Allah.

Ya ce da can shina shiga ruwan a bayan moto, kamara cikin akwati mai hana ruwa, hannu guda riƙe da direba. Hoton can ya hi tsada don kana ganin raƙumin daga ƙasa, amma moto da direba da mai kuɗi ne, kuma sau ɗaya ruwa ya kihe su ya yi asarar kamara da haƙori biyu. Yanzu shekarunshi sun wuce 50, dutse ya ishe shi. Ga kuma yara masu doron, ƙananan jirage masu kamara, sun cika sama, abin da shi ke tsayuwar awa tara shi samu su suna zaune cikin mota suke samu.

14 ga Disamba

Ranar aiki ta ukku jiya, kuran bai tahi ba, 8 da kwata na gama. Amma mun yi ƴar rigima kuma laihina ne.

Akwai hoto guda mai kyau sosai sai dai ruwan bai cika girma ba, na ɗan ja shi sama kaɗan, kashi biyat cikin ɗari ma bai kai ba, irin yadda nake ɗan rage ma amarya kumatu ko in ƙara ma ango tsawo, wanda kiliyan ɗina har godiya suke. Cikin minti biyu ya gane. Ya kira ni da kanshi, Faransancinshi na karyewa don hushi, ya ce kar in sake, launi da haske da yanke gehe an yarda, amma siffar ruwa ba a taɓa ta ko da gashi guda, in anka kama shi sau ɗaya ba mai ƙara sayen hotonshi har shi mutu.

Dalili, da hotunan ga ake auna tarihi. Ba wanda ke shiga da igiyar awo, mutumin da ke kan allon shi ne ma'auni, a san tsawonshi a duƙe ko tsawon ƙwabrinshi, a jera shi daga gindin ruwan zuwa bakin sama a ga sau nawa. Haka anka ba Rodrigo Koxa metir 24.38 na Nuwamba 2017, haka anka ba Bajamushe Sebastian Steudtner 26.21 na ran 29 ga Oktoba 2020, kuma wannan sai Mayu 2022 Guinness, masu littahin bajintar duniya, ta tabbatar, shekara ɗaya da rabi ana lissahi. Tsakanin su biyun metir biyu bai cika ba. Kashi biyat ɗina a kan metir 25 ya hi metir guda. Na yi shiru.

Amma ni ma na riƙe tawa a ciki. Shahararrun hotunan wurin, waɗanda ruwa ke tsaye bayan jar hitila awa zai haɗiye ganuwar da mutanen kanta, daga tudu can baya ake ɗaukar su da doguwar gilashi, ita kuma tana matse nesa da kusa su zama awa wuri guda, alhali akwai tazara sosai tsakanin ruwan da ginin. Wannan ba ƙari ba ne? Na tambaye shi bayan ya huce, ya ce wancan inda ka tsaya ne, kowa ya tsaya nan haka zai gani. To, na karɓa rabi.

28 ga Disamba

Ba aiki, kokowa ake, duk gari kunne na radiyo ido na tele. Ina kallo na lura da abin da bana ya canza min. Da in ina ɗaukar ƴan kokowa a hili jira nake a yi kaye in danna, in samu mutum kwance ƙura ta tashi. Yanzu idona na neman sakan ɗin da ke gaban wannan, ƙafa ta bar ƙasa amma baya bai taɓa ba, irin lokacin da Issaka Issaka ke ɗaga mutum hilin duka shi ɗauke numfashi. Daidai da bakin ruwan da ya lanƙwaso bai faɗo ba. Na gwada da yaran unguwa da ke kokowa a rairayin bayan masallaci, saurin kamara 1/2000 na sakan yadda Patron ke sawa, cikin 300 na samu biyu da ban taɓa yin irin su ba.

9 ga Janairu

Ban so rubuta wannan ba amma littahi ne.

Ranar aiki ta biyat. Ina cikin tacewa wajen lamba 2,600 na iske jerin da mahayi ya faɗi tun daga sama, allo gehe shi gehe, ruwan ya ruhe shi. Na ci gaba da dannawa, fari, fari, fari, kumfa kawai, hoto wajen 200 babu kai babu hannu. Patron bai ɗaga yatsa daga kamara ba. Sai ga ɗan baƙin ɗigo, jile ɗinshi mai iska ya hiddo shi, moto ya nuho shi, kahin shi kama raƙumi na biyu ya iso, moton ya tsere, fari kuma. Ni da ke zaune Yamai awa huɗu bayan abin ya wuce na samu kaina ina salati da ƙarhi har madam ta leƙo. A ƙarshe sunka jawo shi kan rairayi, mutane sun duƙa kanshi, motar asibiti. Na kira Auta, ya ce da rai, ya farfaɗo tun a wurin.

Na tambayi Patron waɗannan fa, don na san su za a hi saye. Ya ce faɗuwar a sa, ceton a sa, amma daga inda anka kwantar da shi a ƙasa huska a buɗe kar in sa tauraro ko ɗaya, sai mutumin ya gani da kanshi ya yarda. Ya ce ran 5 ga Janairu 2023 shina kan dutsen nan Márcio Freire ya rasu a ruwan ga, ɗan Barazil mai shekara 47, gwani ne tun zamanin da yake hawan ruwa a Hawayi, kuma akwai abin da ya ɗauka ranar da har yau bai buɗe ba. Ya kuma ba ni labarin Maya Gabeira da anka jawo a sume a wurin a Oktoba 2013, ta warke ta dawo, ran 11 ga Fabrairu 2020 ta hau na metir 22.4.

Kuskurena, Inna ta zo daga Tawa ganin likitan ido tana kwana gidanmu, ta ga ekaran. Ta ce nan ne autana yake? Na ce Inna shi a kan dutse yake, nesa, jaka kawai yake riƙo. Ta ce dutsen ba a bakin ruwan yake ba? Ta sa na kira shi, ta ce kai da ko Tabalak ban bari ka shiga ba, mi ka ɓatar a can. Ya rantse mata ko ƙafa ba ya sawa. Bayan ta kwanta ta ce min mutanen nan ba su da uwaye ne. Ban da amsa, na ce a yi masu addu'a dai.

25 ga Janairu

Kogi ya cika, ruwan Gine ya iso yadda ya saba kowace shekara a tsakiyar sanyi, wanda baƙo ke mamaki, ba ruwan sama ko ɗigo amma kogi na ƙaruwa. Na ce bari in gwada ɗaukar ruwa daga cikin ruwa ko sau ɗaya. Na samu wani Sorko a wajen Gudel, jikka biyu, ya ɗauke ni da sassahe. Kamara cikin leda biyu na huda ma gilashi ƙoha na ɗaure da roba, akwatin talaka ke nan.

Jama'a, kogi ne fa lumui, igiyar ba ta kai taƙi ɗaya ba, amma jirgin na rawa na kasa tsaida layin gaɓa daidai ko sau ɗaya, hoto 260 duk a karkace, cikina na juyawa, hannu ɗaya na damƙe da katako. Baba Sorko na ta dariya, ya ce da Zabarmanci wani abu da yaronshi ya fassara min wai Bahaushen tudu ko a kwano aka zuba mai ruwa sai ya nemi madafa. Na tuna Patron a bayan moto da hannu guda gaban abin da ya kai bene bakwai, na daina jin haushin alamar tambayoyinshi.

Hoto ɗaya ya hita, yaron shina jeha birgi, ragar ta buɗe a sama ba ta taɓa ruwa ba. Na tura ma Patron, ya ce in sa shi cikin 20 ɗin bango. Na ce ai na teku ne, ya ce bangonka ne.

10 ga Fabrairu

Lissahi zuwa yau: ranar aiki 7, hoto 29,400 da ƴan kai sun bi ta idona, na gyara 241, an sayi 38 a sanina. Kuɗi yuro 280, an cire na turawa, an cire batiri da ondilar da mega, abin da ya rage bai kai armen Asabar biyu ba. Madam ta yi wannan lissahin kahin ni.

Cikin 30 da nake zaɓa yanzu Patron na riƙe 22, 24, ranar ƙarshe ma bai canza ko ɗaya a goman farko ba.

Bango: ya ba ni izinin 19 da manyan fishiye, da sharaɗin sunanshi a ƙasa kuma ba saidawa. Na wanke gwaji guda 50 da 70 a wani wuri a gari, ruwan ya hito shuɗi awa bokitin roba alhali kore ne mai duhu, na maida sun ce injin ne haka, sai na nemi wani. Mai kadar ya ce jikka huɗu kowane, na ce a yi babu gilashi, mun tsaya ukku. Gwajin mai shuɗin na manna shi a ƙohar sitidiyo don kar shi lalace banza, tun sahe mutane ke tsayawa, tambaya guda ce kowa ke yi, wai montaz ne, sai in ɗora yatsa kan ɗan ɗigon in ce wannan mutum ne. Wani tsoho mai goro ya daɗe shina kallo ya ce a kai shi ya gani da idonshi sannan shi yarda, na ce Baba in ka samu hanya mu tahi tare.

Saura wanke 19, saura rubuta bayanin kowane da Hausa da Faransanci, ban san ko in sa da Zabarmanci ba sai na samu mai rubuta min. Meteyo na nuna wani jan tabo babba kudu da Girinlan, Patron ya ce ƙila Alhamis ko Juma'a, tazara 17. Juma'a ina da suna a Bukoki ƙarhe 7 na sahe, in ta kama ranar sai in gama da wuri in sa batiri a caji.